Ranar da ruwa ya ci tudun mun tsira

A nan Gombe, da zarar an ambaci ambaliya, hankalin kowa yakan tafi ga unguwannin da ke gangaren gari, inda ruwan da ya kwararo daga wajen Tumfure da Shongo yake haɗuwa. Wanda Allah ya hore wa fili a kan tudu yakan ɗauka ya rabu da wannan fargaba, kuma harshenmu ma ya ba shi hujja, tunda "tudun mun tsira" muke cewa. Ni ma a haka na tashi, kuma ban taɓa shakkar maganar ba sai a ƙarshen watan Satumbar 2024, lokacin da muke cikin jimamin ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri, sai kuma ga hotunan wata masifa daga tsaunukan Amurka.

Mahaukaciyar guguwar da aka raɗa wa suna Helene ta fito daga teku ta afka wa gaɓar jihar Florida a daren 26 ga Satumba, da iska mai gudun fiye da kilomita 200 a awa guda. Amma inda ta fi yin kisa shi ne yammacin jihar North Carolina, cikin tsaunukan Appalachia, kimanin kilomita 600 daga inda ta sauka. Birnin Asheville, wanda sunansa ya fi fitowa a labarai, yana kan tudun da ya haura mita 600 daga matakin teku, kuma akwai waɗanda suka koma can da zama don gudun guguwar bakin teku.

Yadda abin ya faru ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin guguwar ta iso, an kwana biyu ana sheƙa ruwa a yankin, ƙasa ta sha ta ƙoshi, koguna sun cika sun tumbatsa. Da iskar ta zo ɗauke da danshin teku ta ci karo da tsaunuka, sai ta hau sama ta yi sanyi, ta juye abin da ta ɗauko a kansu. A wani ƙauye mai suna Busick an auna ruwan da ya kai santimita 78 cikin kwana uku, wato ya kusa kamo abin da Gombe ke samu a damina guda cur. Ruwan da ya sauka a fili yakan bazu ya kwanta, ya ba mutum damar kwashe yara da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. Na kan dutse ba shi da wurin kwanciya, don haka kowace ƙorama takan tattaro nata ta zuba cikin kwari guda mai ƙunci, ruwan ya taso cikin mintuna, kuma a gindin waɗannan kwaruruka ne hanyoyi da gidaje suke. Kogin French Broad ya haura mita 7 a Asheville, ya zarce tarihin da ambaliyar 1916 ta kafa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zaftarewar ƙasa. Ƙasar da ke jikin tsauni ba ta da kauri, shimfiɗe take a kan dutse kamar tabarma, kuma idan ruwa ya ratsa ta ya kai ga dutsen, sai ta yi nauyi ta saki. Daga nan sai taɓo da duwatsu da itatuwa su haɗu su gangaro da gudun da ba mai tsere masa da ƙafa. Masana ƙasa na gwamnatin Amurka sun ƙirga irin wannan zaftarewa fiye da 2,000 bayan Helene. Wani ɓangare na babbar hanyar I-40 ya rufta cikin kogin Pigeon, ƙauyen Chimney Rock ya kusa shafewa, kuma mazauna Asheville ba su sake samun ruwan famfo mai shawuwa ba sai 18 ga Nuwamba. A wasu lungunan da gadoji suka karye, da alfadarai aka riƙa kai wa mutane abinci da magani. Fiye da mutum 100 suka rasu a North Carolina kaɗai, a duk jihohin da abin ya shafa kuwa sun haura 200.

Idan mai kuɗi da jirage masu saukar ungulu ya ji jiki haka, ina ga talaka? A watan Maris na 2023 guguwar Freddy ta zubar da ruwa a kudancin Malawi, jikin dutsen Soche ya zaftaro kan unguwar Chilobwe a birnin Blantyre, inda marasa galihu suka yi gini a gangare bayan an sare itatuwan da ke riƙe da ƙasar. Waɗanda suka rasu ko suka ɓace a ƙasar sun haura 1,000.

Guguwar teku ba ta zuwa Gombe, wannan gaskiya ne, amma ruwan marka na Agusta ya ishe mu, domin ƙasarmu yashi ce mai saurin sakin jiki, garinmu kuma a gangare yake. Gidan wani kawuna yana bakin ɗaya daga cikin kwaruruka da suka keta garin. Ina yaro muna tsallake kwarin da taku guda mu je makarantar allo, yanzu kuwa zurfinsa ya fi tsayin soron gidan. A wata damina na iske katangar bayan gidan ta tsage daga sama har ƙasa, har hannuna na shiga tsagar, bishiyar dalbejiyar da ke gefe kuma saiwoyinta na reto a sarari. Na ce masa, "Kawu, ya kamata ku tashi kafin ruwa ya kankama." Ya daɗe yana kallon katangar kafin ya ce, "Ɗana, in tashi in je ina da iyali goma sha huɗu?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau tambayar tana damuna, domin gargaɗin da hukumomi ke yi a rediyo ba ya zuwa da fili ko kuɗin haya.

Ana aikin gyaran wasu manyan kwaruruka da kankare, kuma na yaba, sai dai muna gyara ƙasa muna ɓata sama. Ana sare itatuwan kan tuddai don gawayi, tifofi na kwasar yashi da burji daga gindin gangare, ana yanka filaye a kan hanyar ruwa, lambatu kuma ya zama bola. Duk rufin kwano da aka ƙara a tudu, ƙarin ruwa ne da gudu a kan na ƙasa.

Na taɓa yin kwanaki a Tula, can ƙasar Kaltungo, na ga yadda manoman kan dutse ke jera duwatsu hawa-hawa a jikin gangare suna shuka a tsakani. An yi ruwa mai ƙarfi ina can, na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon yadda kowane jeri ke tare ruwan, ya rage masa ƙarfi kafin ya miƙa shi ga na ƙasa. Da gari ya waye na ga wani dattijo yana bin jerin gonarsa yana mayar da duwatsun da suka goce, jikansa na biye da shi yana miƙo masa.