Neptune Frost da koltan ɗin da ke cikin wayoyinmu

Na kalli Neptune Frost, fim ɗin waƙa na Saul Williams da Anisia Uzeyman wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2021. A Ruwanda aka ɗauke shi, amma labarin a tsaunukan Burundi yake faruwa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda mai gadin mahaƙar koltan ya buge wani mahaƙi mai suna Tekno har lahira don kawai ya tsaya yana kallon dutsen da ya haƙo, alhali da irin wannan dutse ake ƙera wayoyin da ke hannunmu. Ɗan'uwansa Matalusa ya tsere, ya haɗu da Neptune, mata-maza, wadda 'yan wasa biyu, namiji da mace, suka fito a matsayinta. A wani ƙauye da aka gina da tarkacen kwamfuta suka haɗa kai da wasu, suna yi wa intanet kutse domin ƙalubalantar masu kwashe arzikin ƙasarsu.

Na ji daɗi matuƙa da fim ɗin ya girmama Neptune, bai mai da ita abin tausayi ba. Yawancin waƙoƙin da harsunan Kinyarwanda, Kirundi da Swahili aka rera su.