Ranar da Muka Karɓo Sakamakon Baba

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau da sassafe na raka Baba asibiti domin karɓar sakamakon hoton da aka yi masa makon jiya. Baƙin tabon nan na diddigensa, wanda muka shafe kusan shekara biyu muna ɗaukarsa kaushi muna shafa masa man kaɗanya, likita ta tabbatar mana cewa melanoma ce, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma ta riga ta wuce kaluluwar cinyarsa ta kai huhu. Ta ce a jikin baƙar fata cutar ta fi ɓulla a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce.

Baba ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Likita, idan aka yanke ƙafar, na rabu da ita?" Ta amsa masa cikin ladabi cewa tiyata kaɗai ba za ta wadatar ba yanzu. Za a fara gwada naman da aka ciro daga tabon a ga ko ƙwayoyin sankarar suna da sauyin halitta da ake kira BRAF, domin idan akwai, ƙwayoyin magani na dabrafenib da trametinib sukan rage girman sankarar cikin sauri, kodayake sau da yawa cutar takan dawo. Hanyar da likitar ta fi sa rai da ita ita ce maganin da ke farkar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da kanta, kamar pembrolizumab, wanda ake sawa ta jijiya duk mako uku. Shi aka ba tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a 2015, tare da tiyata da gashin sankarar da hasken na'ura, bayan cutar ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ya rayu har 2024.

Ba ta ɓoye mana komai ba, kuma na gode mata a kan haka. Irin ta tafin ƙafa ba ta cika jin wannan magani kamar sauran ba, yana iya jawo gudawa mai tsanani ko kumburin huhu, sannan kuɗin allura ɗaya ya fi abin da gonarmu ke bayarwa a shekara.

A hanyar dawowa Baba bai yi zancen kuɗi ba, sai dai ya ce in duba ƙafafun Inna da kyau idan mun isa gida. Na duba su da tocila, ban ga komai ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kira yayyena mu zauna.