Murhun da ke cikin wasiƙar Napoleon

Wasiƙar ba ta kai layi goma ba, amma sai da ta cinye mini mako uku. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, kuma da muka zo kan ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon na ƙudurta cewa ɗalibaina za su ji muryar mutumin da kansa, da Hausa, ba taƙaitawar littafin aji ba.

An ci Napoleon, sarkin Faransa, da yaƙi a Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815, bayan kwana huɗu ya sauka daga mulki. Ya gangara garin Rochefort a gaɓar tekun Faransa da niyyar tsallakawa Amurka, sai ya tarar jiragen yaƙin Ingila sun tare bakin ruwa. Babba a cikinsu shi ne Bellerophon, mai igwa 74, a hannun Kyaftin Frederick Maitland. Da ya ga ba mafita, ranar 13 ga Yuli ya rubuta wa yariman da ke riƙon sarautar Ingila wasiƙa, manzanninsa suka kai wa Maitland kwafinta a kan jirgin, ranar 15 kuma shi da kansa ya hau.

Na fassara jimlar da ke tsakiyarta kalma da kalma: "Na zo, kamar Temistokilis, in zauna a bakin murhun mutanen Birtaniya." Da na karanta a aji, sai shiru. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, sanyi ake yi a lokacin?" Tambayar gaskiya ce, abin da Hausar da na ba su ta faɗa ke nan. Mutumin da ya girgiza Turai yana roƙon ransa da mutuncinsa, ni kuwa na mai da shi mai neman jin ɗumi. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Na fara zuwa wurin wani abokin aikina, mutumin Damagaram, da ke koyar da Faransanci. Ya ce, "Malam, kalmar nan a yarensu murhu ce, kuma gida ce, duka biyun." Na ji daɗi, na goge murhu na sa gida. Kuskurena na biyu ke nan, domin murhun shi ne ƙashin bayan maganar, ban gane ba sai da na koma na karanta labarin Temistokilis a rubutun Tusididis, masanin tarihin Atina ta tsohuwar ƙasar Girka.

Temistokilis ne ya shawo kan mutanen Atina su zuba kuɗin azurfar da suka haƙo wajen ƙera jiragen yaƙi. Da waɗannan jiragen aka karya rundunar ruwan Farisa a mashigin Salamis, shekara 480 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan ya aika wa Zaksis, sarkin Farisa, saƙon yaudara ta bakin wani bawansa cewa Girkawa na shirin gudu. Ba a daɗe ba mutanensa suka juya masa baya, suka kore shi, daga baya ma aka bi shi da zargin cin amanar ƙasa. A gudun nan ne ya faɗa gidan Admitus, sarkin Molosiyawa, wanda akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tsakaninsu. Bai iske maigidan ba. Matar sarkin ce ta ce masa ya ɗauki ɗansu ya rungume, ya zauna a bakin murhu. A al'adarsu babu roƙon da ya fi wannan nauyi. Admitus ya dawo ya same shi haka, ya tashe shi, da masu nemansa suka zo kuma ya hana su shi. Daga can Temistokilis ya ƙarasa ƙasar Farisa, inda ɗan Zaksis ɗin nan da ya ci da yaƙi ya karɓe shi, ya ba shi garuruwa uku, ciki har da Magnesiya, ya ci arzikinsu har ya mutu.

Da na kai nan sai na ajiye alƙalami. Ashe da suna ɗaya Napoleon ya yi roƙo biyu. Na farko, kada ku miƙa ni ga masu nemana, kamar yadda Admitus bai miƙa baƙonsa ba. Na biyu, ku karrama ni kamar yadda Farisa ta karrama wanda ya karya ta. Shi ya sa ya rufe da kiran yariman mafi ƙarfi, mafi naci, kuma mafi karamci a cikin abokan gabansa. Ya san manyan Ingila sun tashi da karatun Girka tun suna yara, ya san za su ji abin da ke ƙarƙashin sunan, kamar yadda Bahaushe zai yanko rabin karin magana ya bar mai sauraro ya ƙarasa. A ganina dabara ce ta mai hankali, ya ɗaure su da igiyar tarbiyyarsu, ya mai da ƙin karɓarsa abin kunya.

Na gwada "kamun ƙafa", na ga a yau tana ƙamshin neman muƙami, ba ta dace da mai gudun rai ba. A ƙarshe na bar murhun a wurinsa, na ƙara masa abin da zai tallafe shi: "Na faɗo gidanku kamar yadda Temistokilis ya faɗa gidan maƙiyinsa, na zauna a bakin murhunku, na zama amanarku." Na kuma yanke shawarar ba zan sake karanta wasiƙar ba sai na fara ba da labarin Admitus. Sunan shi ne saƙon, wanda bai san labarin ba kuwa, ko an fassara masa kowace kalma, hannu wofi zai tashi.

Daga nan zumuɗi ya ɗebe ni, na shiga neman saƙo a ƙarƙashin kowane suna. Jirgin ma ai sunan jarumin Girka ne, Belerofon, wanda a waƙar Homa, tsohon mawaƙin Girka, aka ba shi rufaffiyar wasiƙa ya kai wa sarkin Likiya, alhali hukuncin kisansa ne a ciki. Na so in ɗaure wannan da labarin Napoleon, amma tun shekaru da dama kafin 1815 aka raɗa wa jirgin suna, ya yi yaƙin bakin kogin Nilu a 1798 da na Trafalgar a 1805, matuƙansa ma da sunan ya yi musu nauyi a baki sai suka mai da shi "Billy Ruffian". Haka na yi da Sabaras, karen nan mai kai uku da ke tsaron ƙofar lahira a tatsuniyar Girka, sunan sirrin da Jamus ta sa wa fitar jiragen yaƙinta uku daga tashar Brest ta Faransa ta mashigin Ingila a Fabrairun 1942. Sunan sirri aikinsa ɓoyewa, na Temistokilis a wasiƙar kuwa an sa shi ne don a gane. Na cire su duka daga darasin, don kada in koya wa yara ganin abin da babu.

Mako na uku na koma aji. Na fara da Salamis, na bi da matar Admitus da yaron da murhun, sannan na karanta wasiƙar. Wannan karon shirun daban ne. Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me yariman ya ce masa?" Na ce bai ba shi amsa ba. Janar Gourgaud da ya ɗauki wasiƙar zuwa Ingila ba a ma bar shi ya sauka daga jirgi ba. Shi kansa Napoleon ya zauna a kan Bellerophon a gaɓar Torbay da Plymouth, mutane na zuwa cikin kwale-kwale suna kallonsa, ƙafarsa ba ta taka ƙasar ba. Ranar 7 ga Agusta aka mai da shi wani jirgin, Northumberland, a watan Oktoba ya isa tsibirin Sent Helena, inda ya mutu ranar 5 ga Mayu, 1821. Wani yaro daga bayan aji ya ce, "Ke nan sun gane abin da yake nufi, Malam, ƙi suka yi." Sauran lokacin darasin a kan wannan suka yi ta muhawara, har aka kaɗa ƙararrawa.