Daga Wudil zuwa Agege: abin da sa ke gani a bayan tirela

Turke nake yi, ina kuma kai shanu Kudu. Ina da ɗan fili a bayan gari kusa da Wudil, da rumfuna, da yara masu kula da dabbobin. Nakan sayo ramammun bijimai a Maigatari ranar Alhamis, ko Mai'adua ranar Lahadi, ko nan gida a karar Wudil ranar Juma'a. Sai in ɗaure su 'yan watanni a kan harawar gyaɗa, kowar wake, dusar masara da ɗan jiƙon kanwa, a ba su maganin tsutsa da na hanta. In sun murje, tozo ya tashi, sai a yi lodi zuwa Legas, ko dai mayankar Oko-Oba da ke Agege, ko Kara da ke bakin shiga gari ta hanyar Ibadan.

Zaman turke ba shi ne abin da ke hana ni barci ba. Sa a kan turkensa yana da inuwa, yana da ruwa, yana da mai kiran sunansa. Hanya ce matsalar. Abin da aka yi watanni ana ginawa a jikin dabba, kwanakin da za ta yi a bayan tirela suna iya rushe shi, kuma wahalar da take sha a wurin ta fi ƙarfin abin da mai cin tsire a Legas yake zato.

Daga wurin lodi ake farawa. A yawancin kasuwanninmu abin hawa tudun ƙasa ne kawai da tirela ke jingina bayanta da shi. Sa bai taɓa ganin ƙarfe mai ƙara a ƙarƙashin kofatonsa ba, ga duhu a gabansa, ga ihu a bayansa, dole ya turje. Da ya turje sai sanda ta sauka, wani ya murɗe masa wutsiya har ka ji ƙashin ya yi ƙas, wani ya ja shi da igiya a ƙaho. Na sha ganin bijimin da wutsiyarsa ta karye tun mota ba ta tashi ba. In an shigar da shi, a ɗaure kansa a jikin katakon da aka gitta a saman motar. Bokoloji, da yake ƙahonsa gajere ne, da ɗan sauƙi. Amma jan Rahaji mai dogon ƙaho, sai an karkata masa wuya kafin ya samu wuri, kuma a haka zai tafi, wuya a murɗe, hanci a sama, har Agege.

Tsakanin Kano da Legas ya haura kilomita 1,000. Masu tasowa daga Potiskum ko Mubi nasu ya fi haka nisa. In Allah ya sa an yi sa'a, kwana biyu an isa. In taya ta fashe, ko wata babbar mota ta faɗi ta tare hanya tsakanin Mokwa da Jebba, ko aka tarar da cunkoso wajen Ogbomosho, sai abin da hali ya yi. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a 2017, duk mai wannan sana'a ya san yadda zagaye ya ƙara wa dabbobi kwana a tsaye. Ga shingaye na masu karɓar kuɗi, kowanne sai an tsaya an yi ciniki, rana na dukan ƙarfen mota. Babban sa a lokacin zafi yana shan ruwa lita 40 ko fiye a yini. A mafi yawan motocin nan ba ya samun ko kofi ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne faɗuwa. In ƙafar sa ta gaji, ko ta zame a kan fitsari da kashi, sai ya durƙusa, kansa kuma na ɗaure a sama. 'Yan'uwansa ba su da inda za su matsa, sai su taka shi, ba don mugunta ba. Yaran da kuke gani zaune a saman katako, aikinsu ke nan: su leƙa, su ga wanda ya faɗi, su buga wa direba ya tsaya, a sa igiya a ɗaga shi. In dare ne, ko yaro ya yi gyangyaɗi, kafin a farga numfashi ya fara sama-sama. Daga nan sai a yi maza a sa wuƙa kafin ya zama mushe, a sayar wa mahautan bakin hanya da kuɗin da bai kai rabin abin da ya ci a turke ba.

Me ya sa ake cusa su haka? Kuɗin mota. Tun 2022 da man gas ya yi tashin gwauron zabo, hayar tirela ta zama abin da ke cinye riba, don haka kowa so yake ya raba kuɗin a kan kawuna masu yawa. Ban ga laifin mai wannan lissafi ba, jari ne na mutane, wani ma bashi ya ci. Sai dai lissafin bai cika ba. Sa ɗaya in ya mutu ya tafi da ribar da ake fatan samu daga ƙarin da aka yi, har da ƙari. Waɗanda suka isa da rai ma, ciki ya shafe, ido ya faɗa, dillali na ganinsu zai karya farashi. Mahautan Agege kuwa ba a yi musu wayo. Sun san sa da ya sha duka, domin in an feɗe shi za a ga jini ya kwanta a cinya da haƙarƙari, sai an yanke wurin an zubar. Sun kuma san naman dabbar da ta galabaita: yakan yi duhu, ya yi tauri, ba ya jure zaman tebur.

Ko da babu asara ko ta sisin kwabo, ni dai ba zan iya ba. Duk mun taso muna jin hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yi yanka a kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Mun riƙe maganar wuƙa sosai, babu mahaucin da zai yarda a gan shi da dakusasshiya. Amma hadisin cewa ya yi a kan komai. Ban ga yadda za a azabtar da dabba kwana biyu ko uku da ƙishirwa, sannan a ce an hutar da ita saboda an wasa wuƙa a minti na ƙarshe ba.

Ga yadda nake tafiyar da nawa lodin. Ina rage kai uku ko huɗu daga abin da aka saba zubawa a tirela, yadda in sa ya faɗi zai iya miƙewa da kansa. Ana shimfiɗa yashi mai kauri a ƙasa, a bi shi da ɓuntun shinkafa, saboda santsi. Ba na haɗa Rahaji da Bokoloji a sahu ɗaya, ba na haɗa manya da ƙanana. Mai ɗingishi ba ya hawa, sai ya warke, ko a sayar da shi a nan. Saniya mai ciki kuwa ko kyauta aka ba ni ba za ta shiga motata ba; wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya ga an farke ciki an fito da ɗan maraƙi ya san abin da nake nufi. Kafin a tashi sai sun ƙoshi da ruwa, an kuma rage musu dusa, don kada ciki ya kumbura a hanya. Wurin hawa, yaron da ya saba ba su abinci shi ke shiga gaba yana kiransu, kuma wallahi sukan bi shi ba tare da an ɗaga sanda ba.

Direban da nake aiki da shi dattijo ne. Ran da na fara kawo masa maganar tsayawa ba da ruwa, sai ya ce, “Alhaji, lokaci fa kuɗi ne, mai mota jirana yake.” Na ce, “Baba, na sani. Duk sa da ya sauka da ƙafarsa, akwai naka a kai, ban da kuɗin mota.” Tun daga nan shi ke tuna wa yara su ɗauko bokitai da jarkoki. Sukan tsaya wajen Mokwa ko Jebba, a sassauta igiya, a zura bokiti ta sama, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, ba kuma kowane sa ke yarda ya sha ba, amma da babu gara ba daɗi. Inda har yanzu muke ja-in-ja da shi shi ne tafiyar dare. Dabba ta fi son sanyin dare, amma akwai wuraren da mai hankali ba ya bi bayan magariba saboda 'yan bindiga, kuma ba zan sa ran yaran mutane a haɗari ba. A nan dole sa ya sha rana.

An taɓa gwada jirgin ƙasa. A 2016 an ɗauki shanu 500 daga Gusau zuwa Oko-Oba a taragai, muka yi ta murna, amma abin bai ɗore ba. Wasu na cewa a yanka a nan Arewa, a tura nama a motar sanyi. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari, domin zai raba dabba da wannan tafiya gaba ɗaya, ya kuma bar wa yaranmu aikin fiɗa da jima. Sai dai yana buƙatar wutar lantarki tsayayya, kuma mai saye a Kudu ya saba ganin sa a tsaye, ya zaɓa da idonsa, ya samu ganda da kayan ciki da ɗuminsu. Wannan ba zai canja a shekara ɗaya ba.

Tun da yanzu akwai ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024, abin da nake roƙo, nake kuma faɗa a duk taron 'yan kara, ƙarami ne. A samar da zango biyu ko uku a kan hanyar, ɗaya a Mokwa, ɗaya kusa da Ilori, da rijiyar burtsatse, da kwamin ruwa, da gadar sauke dabba mai kyau, da likitan dabbobi. Mu fatake za mu biya kuɗin kowane kai, matuƙar za a ba mu rasit, a kuma bar motar da ta tsaya ta wuce ba tare da an sake tare ta a gaba ba.