Abin da na koya wajen kafa shirin yaƙi da tamowa a karkara

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar kiwon lafiya matakin farko a karkarar Jihar Katsina, kuma aikin da ya fi cin ƙarfina shi ne kafa shirin yaƙi da tamowa a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Gano yaron da ya kamu ba shi da wuya, domin igiyar awo ake naɗa masa a dantse, idan awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa cikin ja, wato launin igiyar da ke nuna tamowa mai tsanani, sai a ɗora shi a kan abincin magani na RUTF, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari. Wahalar tana farawa ne ranar da katan-katan ɗin RUTF suka ƙare, domin mafi yawansu gudummawar ƙungiyoyin agaji ne, kuma sau da yawa sukan yanke da damina, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yi yawa. Uwar da ta yi doguwar tafiya da goyo ta koma hannu rabbana, da wuya ta sake dawowa.

Wannan ne ya sa na karkata ga abin da ƙauyen ke nomawa da kansa. Na tara iyaye mata muna haɗa garin kunun Tom Brown: mudu 6 na gero, mudu 3 na waken suya da mudu 1 na gyaɗa, a soya, a niƙa. Koyarwar ta tafi daidai, amma kuɗin sayen hatsi babu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya na tushe, sai dai abin da ke iso mana yakan ƙare a magunguna da gyaran cibiya.

Mai unguwa ne ya nusar da ni cewa matan da nake tarawa ba su ke riƙe da rumbu ba, don haka da mazajensu ya kamata in yi magana. Ta hannunsa da liman da kwamitin ci gaban mazaɓa aka gabatar da batun bayan sallar Juma'a, aka kuma amince kowane magidanci ya ba da abin da ya sawwaƙa da kaka, lokacin da hatsi ke araha, a adana shi har zuwa damina. A ganina wannan mataki ne ya riƙe shirin, domin mutumin da ya zuba geronsa a ciki yakan tambayi matarsa ko ta kai yaro awo.

Masu sa kai ma sai da muka yi fama. Matasa da dama sun saba da alawus ɗin da ake biya a zagayen rigakafin shan inna, da suka ga babu sai suka janye, kuma ban ga laifinsu ba, tun da suna da bukatun kansu. Ungozomomi da dattijan mata ne suka tsaya, kuma su ne ke iya shiga gida su shawo kan kaka ta daina ɗura wa jariri ruwa kafin ya cika wata 6, ko su lallashi uwa kada ta raba abincin maganin mara lafiya da yayyensa, alhali su ma yunwar suke ji.

Kunun bai maye gurbin RUTF ba. Yaron da ya faɗa cikin ja yana bukatar abincin magani, wanda ƙafafunsa suka kumbura ko ya ƙi cin abinci kuwa babban asibiti muke tura shi a kwantar. Akwai kuma ƙauyukan da rashin tsaro ya hana mu shiga, inda muka koya wa iyaye mata awon dantse da kansu, domin su kawo yaro tun igiyar tana nuna ruwan ɗorawa, kafin ta kai ja.