Makwancin shanu a fili: shawara ga masu fara kiwo

Bunaji da Rahaji da Bokolo shanun fili ne tun asali, rashin rumfa ba ya kashe su. Abin da ya ci mana dabbobi, mu da muka riga ku shiga harkar nan, ƙasar da suke kwana a kai ce. A nan za ka fara zuba ido, ɗan'uwa, tun ba ka sayi ko maraƙi ɗaya ba.

Nemi tudu mai jigawa, mai ɗan gangare, inda ruwa ba ya kwanciya. Kada ka zaɓi wuri da rani. Filin da ka gani fes a watan Maris yana iya zama taɓo a Agusta, don haka je ka duba shi washegarin ruwa mai ƙarfi. In ƙafarka ta nutse, ta saniya mai kilo 250 sai ta fi nutsewa. Bakin fadama kuwa, duk da ciyawarsa mai ruɗi, nan dodon koɗi yake, shi ke ɗauke da tsutsar da ke kawo ciwon hanta.

Ko wuri ya yi kyau, ba a dawwama a cikinsa da damina. Kashi da fitsari da ruwan sama in suka cakuɗe, kofato ya yi laushi, tsakaninsa ya tsage, ya fara ruɓewa yana wari. Za ka ga saniya tana ɗingishi, ta kasa bin garke, nono ya ja baya. Matsar da shinge duk bayan kwana 4 zuwa 7, in ruwa ya yi yawa ma kada ka jira haka. Yi shingen da zai tashi da sauƙi, na ƙaya ko na sanduna da waya, ka ba kowace babba wajen murabba'in mita 5 ko fiye, don cunkoso shi ke kawo tunkuyi da taka maruƙa. Tsohon makwancin kuma ba asara ba ne, gero da dawa sun san daɗinsa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, hadari ma yawanci daga gabas yake tasowa. Zana ko dangar kara a wannan ɓangaren ta wadatar. Gawo abokin makiyayi ne, yana da ganye da rani ya ba da inuwa, 'ya'yansa kuma abinci. Amma kada garke ya kwana ƙarƙashin doguwar bishiya tilo da damina, saboda tsawa.

Maruƙa su ne ba sa jure abin da iyayensu ke jurewa. Ɗaure su a dangwali, wato doguwar igiyar ɗaure maruƙa, can gefen da ya fi tudu, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka kafa musu 'yar inuwa ko da ta zana biyu ce. Jariri ya sha dakashi, wato nonon farko na uwa, cikin awa 6 na farko, a shafa wa cibiyarsa aidin. Wajen mako 2 da haihuwa a ba shi maganin tsutsar ciki, domin ta nonon uwa tsutsar ke shigarsa. Wanda ya tatse uwar ƙarƙaf don ya sayar da nono, maraƙinsa ya sayar bai sani ba.

Kowace safiya, kafin a saki garke, ɗaga wutsiya, leƙa hantsa da hammata da cikin kunne. Nan kaska ke ɓuya, kuma babbar kaskar nan mai zane a baya ita ke buɗe wa ciwon fata na kirci ƙofa. Da magariba a hura wuta da ɗanyen ganye ta inda iska za ta kai hayaƙin kan shanu, sauro da ƙudaje su ja baya. Allurar rigakafin ciwon huhu da ta cutar harbin daji a yi su kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana haɗa su, ma'aikacin dabbobi na yankinku zai yi maka. Sabuwar saniya daga kara, wato kasuwar shanu, ta yi mako 3 a ware kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Farkon damina a kula da gyauron dawa. Ɗanyen tohonsa yana da guba, saniya mai yunwa in ta cika ciki da shi tana iya faɗuwa nan take.

Lissafin rani tun kaka ake yinsa. Babbar saniya tana cin kimanin kilo 6 na busasshen abinci a yini, da zafin bazara kuma ta sha ruwa lita 30 zuwa 40, mai shayarwa ta fi haka. Ninka wannan da yawan shanunka, daga Janairu har ruwa ya zauna. Tara harawa da kara a kan rumfar itace don gara da danshi, ka tanadi dusa da angurya, kanwa da gishiri kuma kada su yanke. Saniyar da ta rasa su ita ce ke lasar ƙasa tana haɗiye leda. In lissafin bai kai ba, rage garken a watan Nuwamba suna da ƙiba, kada ka bari sai Afrilu ana tayar da su da sanda.