Shekarar da Na Daina Zuba Takin Zamani a Gonarmu ta Daura

A daminar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin buhun yuriya da na kamfa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, na yanke shawarar noma gonarmu ta gado da ke bayan garin Daura ba tare da ko ƙwayar takin zamani ba. Har yau in na tuna abin da na yi wa gonar nan a makon shuka, raina yakan ɓaci.

Da ilimin takarda na shiga harkar. Na karanta yadda Baturen Ingila Albert Howard ya koyi sarrafa taki a wurin manoman Indiya, da yadda aka kafa ƙungiyar masu irin wannan noma ta duniya a Faransa a 1972, sai na ɗauka wani sabon abu na kawo wa ƙauyenmu. Alhali kafin shirin bunƙasa noma na Funtuwa a tsakiyar shekarun 1970, da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, waɗanda suka yaɗa takin zamani mai rangwame, yawancin iyayenmu ba su san wani noma ba sai wannan. Tun da rani jakuna ke jigilar juji da toka a mangala, Fulani su sauka a gona bayan kaka shanu su ci kara su bar kashi, kuma babu mai hankalin da zai sa gatari a jikin gawo. A cikin zamani guda muka saki wannan duka, har maganin ƙwari ya yi mana yawan da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta a 2015 saboda ragowar maganin da aka samu a jikinsa.

Kuskurena guda ne, amma ya ci mini shekara. Na sayi mota guda ta ɗanyen kashin kaji ana gab da saukar ruwa, na sa yara suna zuba shi a ramin shuka tare da irin gero. Kawuna ya zo wucewa, ya tsuguna ya cusa hannu a cikin tarin, ya zare da sauri ya ce, “Ɗana, wannan taki bai huce ba, wuta ce za ka sa wa irinka.” Na ce masa, “Kawu, Allah ya ƙara girma, ai haka masana suka ce ya fi ƙarfi.” Bai ƙara magana ba.

Geron ya tsiro, bakin ganyen ya yi ja, kafin kwana 10 mafi yawansa ya bushe kamar an babbake shi. Na sake shuka a makare, ga shi kuwa daminar Daura ba ta jiran mai lattin shuka. Ruwa ya ɗauke zangarniya ba ta gama cika ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kunyoyin da ke ƙarƙashin gawo, inda takin ya ƙare bai kai gare su ba: su ne suka tsaya shar, su ne kuma suka ba ni ’yan damman da na kai rumbu.

Da aka kammala kaka na koma wurin Kawu da kaina. Muka haƙa rami, muna jera yankakken kara da kashin shanu da na kaji da toka, muna yayyafa ruwa, muna juyawa lokaci-lokaci har tsakiyar bazara, sai da ya yi baƙi, ya yi sanyi a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Duk mai son gwadawa ina roƙonsa ya cusa hannunsa a cikin taki kafin ya kai shi kusa da iri, kuma kada ya ɗauki gona sukutum a shekarar farko, domin takin gargajiya yana son yawa, abin da rami guda ya ba mu ko rabin gonar bai isa ba.

A wannan rabin na haɗa gero da wake kamar yadda ake yi a da, na kuma bar sababbin tsiron gawo guda uku da a baya nakan sa a sare lokacin sharar gona. Sauran rabin yana jiran rami na biyu, wanda muka fara cikawa tun ranar da aka gama roron wake.